Ofishin da Ya Cinye Jarrabawar 'Yata

Akwai wani ofishi a duniyar nan da ban taɓa taka ƙofarsa ba, ban san ko launin fentinsa ba, amma da zarar an ambace shi sai abinci ya fita raina. Ofishin firaministan wata 'yar ƙaramar ƙasar Larabawa ce mai sarki, can gaba da mu a bakin teku, tafiyar da kafin ka gama shan shayin jirgi an ce a ɗaura bel za a sauka. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Ba tsoro nake ji ba, bakina ne ba na so in ɓata.

A lokacin muna zaune a Dubai, unguwar Abu Hail, ɗaki biyu da falo a saman shagon wani Ba'indiye mai gyaran firji. Maigidana tafinta ne a wani asibiti mai zaman kansa. A Sudan ya yi karatu, Larabci ya zauna masa a baki, ga Turanci, ga ɗan Faransancin da ya tsinta wajen 'yan Nijar. Alhazan da ke zuwa ganin likita daga Kano da Katsina da Maraɗi, shi ne bakinsu shi ne kunnensu. Albashin ba na a zo a gani ba ne, amma ba ya saɓa wata, kuma bizarmu duka, ni da yara biyu, a jikin tasa take rataye. Haka tsarin yake a can: wurin aiki ya ɗauki miji, miji ya ɗauki iyali, ranar da aka sauke shi kowa ya zubo ƙasa. Ni kuma ina ɗan yin dambun nama da cincin ina kai wa masu shaguna a unguwar Muraqqabat.

Babbar 'yarmu a goye na shigo da ita ƙasar, a lokacin da nake ba da labari kuwa tana ajin ƙarshe na sakandare. Makarantar mai tsarin Ingila ce, amma ba ta masu kuɗi ba, irin wadda 'ya'yan Indiyawa da na Filifin da namu suka cika. Yarinya ce marar hayaniya, ba ni ta gado ba. Tun tana 'yar mitsitsiya ta ce likitan haƙori za ta zama, muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Teburin cin abincinmu ta ƙwace ta mayar wurin karatu, mu muka koma ci a tabarma. An riga an yi mata rajistar jarrabawar fita, wadda ake farawa da shigowar zafi, wata jami'a kuma ta ce in sakamako ya yi kyau akwai gurbinta. Saura 'yan watanni kawai. Addu'ata a kowace sallah ba ta wuce Allah ya kai mu wannan jarrabawa lafiya ba.

A shekarun nan ne kuma sabuwar biza ta yi wa 'yan Najeriya wuya a Dubai. Wanda yake da ita a hannu lallaɓa ta yake kamar ƙwai, don kowa ya san in ta suɓuce ba a sake samu. Ko oganka ya zage ka a wurin aiki, sai ka tuna wannan ka haɗiye. Maigidana ya fi kowa sani. Shi ne ma yake tara samari bayan sallar Juma'a yana yi musu nasiha kada su yi wasa da aikinsu.

Sai ga wani Balarabe ya kawo wani malami ɗan Nijar asibitin, baƙon gwamnatin su Balaraben ne ciwo ya kama shi a hanya. Maigidana ya yi ta yi musu tafinta har aka sallami malamin. Ashe Balaraben nan mai ba firaministan waccan ƙasar shawara ne. Ya yaba da maigidana ƙwarai, ya ce ofishinsu na shirin buɗe sashen da zai kula da ayyukan agajinsu a Afirka ta Yamma, rijiyoyi da asibitoci da makarantu, kuma irinsa suke nema ido rufe. Ya aiko masa da tikiti ya je ya ga wuri. Mutum ya tafi ranar Juma'a kamar kowa, ya dawo ranar Lahadi na kasa gane shi.

Ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce, "Maman yara, na ga duniya!"

Wai an kai shi wani zauren baƙi da tsawonsa ya kai daga gidanmu zuwa masallaci. An zagaya da gahawa, an zagaya da turaren wuta. Can sai kowa ya miƙe, firaministan da kansa ya shigo cikin alkyabba, yana bi yana ba mutane hannu. Da ya zo kansa, mashawarcin ya ce, ga mutumin da na yi maka magana. Firaministan ya dube shi, ya yi murmushi, ya ɗora yatsa a kan hancinsa, ya wuce.

Na ce, "Hanci kuma? Mura yake yi?"

"Ke wallahi ba ki san Larabawan nan ba. In babba ya taɓa hancinsa, ya ɗauki abu a wuyansa ke nan. Magana ta ƙare."

Na ce to madalla, Allah ya sa alheri, ina takardar ɗaukar aikin? Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Wai irin waɗannan mutanen ba a tambayarsu takarda, rashin ta ido ne. Takarda tana nan a shirye, sa hannun firaministan kawai take jira, amma sai ya je can da kansa, ba igiyar kowa a wuyansa, don ofishin ba ya ɗaukar wanda yake ƙarƙashin wani kamfani a wata ƙasa. Ma'ana dai ya ajiye aikin asibiti. In ya ajiye aiki kuwa a soke bizarsa, kafin a soke tasa kuma sai an fara soke tamu.

Nan na ajiye ludayin da ke hannuna. Na ce, "Abban yara, ka san me kake faɗa kuwa? Yarinyar nan fa?"

Ya riga ya shirya amsa tun daga jirgi. Bayan an soke biza ana ba mutum ɗan lokaci kafin a ce ya fita. A cikin wannan lokacin zai je, a sa hannu, a ba shi katin zama na can, ya ɗauke mu. Mai katin zama na waccan ƙasar kuwa shiga Dubai ba ta yi masa wuya, yarinya ta dawo ta zauna wurin ƙawata ta rubuta jarrabawarta. Komai ya jera shi tsaf kamar kwanuka a kanta.

Na ce ya bari ta gama tukuna, watanni nawa ne? Ya ce kujera ba ta jiran mutum, akwai wani ɗan Senegal da ake neman cusawa. Na ce in mutumin nan ya sauka fa kafin ya sa hannu? Ya yi wata dariya da har yau in na tuna sai na ji kamar in fasa wani abu.

"Ke kin ɗauka gwamnan jiharku ne da ake kayarwa a zaɓe? Ɗan'uwan sarki ne, jini ɗaya. Ba zaɓe, ba wa'adi, ba kotun ƙararraki. Wa zai taɓa shi? Duk duniya babu kujerar da ta kai wannan zama daram."

Da ma'aunin gida ya auna abin. Mu a wurinmu zaɓe ne ke raba mutum da kujera, saboda haka inda babu zaɓe sai mu ɗauka mutuwa ce kaɗai mai rabawa. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwanaki ba na kula shi. Na buga wa yayansa waya a Kano na kai ƙara, Yaya ya saurare ni tsaf sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, kada ki zama macen da ke toshe wa mijinta ƙofar arziki." Na ce Yaya wannan sakin reshe ne kama ganye. Ya ce mata dai ba ku da tawakkali. Ba a bukatar sa hannuna a komai, don haka ba a sake tambayata ba.

Kafin ka ce kwabo labari ya cika Deira, unguwar da mutanenmu suka fi taruwa. Mutanenmu kuwa Allah ya shirye mu. Ba a ba mutum aiki ba, ba a nuna masa ko teburin da zai zauna ba, amma har an yi walima a wani gidan abinci a unguwar Satwa, an ci shinkafa da rago. Waɗanda jiya suke kiransa Malam suka koma Yallaɓai. Wani mai harkar kago, wato aika kaya gida, da ya shekara bai amsa sallamarmu da kyau ba ya zo har gida da kwalin dabino, wai yana da ƙani da ya karanci aikin rijiya. Wani ya ce a tuna da masallacin garinsu. A zauren matanmu na waya aka laƙaba mini uwargidan firaminista, wata har da guɗa ta turo. Na rubuta musu cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, suka ce ina ɓoye arziki don tsoron baki. Shi kuwa gogan ya je Satwa an ɗinka masa fararen jallabiyoyi irin na can, masu kwala, yana gwadawa a gaban madubi yana tambayar ƙaramin ɗanmu ko sun zauna.

Duk tsawon wannan bidiri yarinyar tana kan teburinta tana karatu. Sau ɗaya kawai na ji ta bakinta, ranar da za mu je ofishin buga takardu a Muraqqabat a soke bizar. Ta tsaya a bakin ƙofa da katinta na zama a hannu ta ce, "Abba, ka tabbata zan dawo in rubuta?"

Ya dafa kanta ya ce, "Ni da kaina zan kawo ki har ƙofar ajin."

Ta miƙa masa katin. A ofishin wani yaro ɗan Kerala ta Indiya ya danna abin da zai danna, ya ɗago ya ce kalas, wato an gama. Abin da muka yi shekaru muna lallaɓawa bai ɗauki tsawon shan ruwa ba. Muka fito rana tana dukanmu, maigidana ya ce mu shiga mu sha lemo, na ce ba na sha.

Ya tafi da bizar ziyara da mashawarcin ya samo masa, aka sauke shi a wani otal. Kwanakin farko kullum da labari mai daɗi. Yau an kai shi ya ga ginin, gobe an gabatar da shi ga wani darakta, jibi an ce takardarsa tana kan teburin mai girma, cikin waɗanda za a sa wa hannu a makon. Har na fara cewa a raina ko dai ni ce mai baƙin hange.

Wata safiya ina soya cincin maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa. Tsohuwa ce 'yar Masar, ta yi shekaru tana koyarwa a waccan ƙasar kafin ta dawo wurin ɗanta a Dubai, kuma ta san inda maigidana ya tafi. Ta ce, "Habibti, kin kunna talabijin?" Na bi ta ɗakinta da gari a hannuna. Ga hoton mutumin nan mai taɓa hanci, yana miƙa wa sarki wata takarda, su biyun suna murmushi kamar an yi haihuwa. Ta ce ya yi murabus, shi da ministocinsa kaf.

Na ce, "Mama, juyin mulki aka yi?"

Ta ce ina, ai wannan ba komai ba ne, ita tun tana can ta daina lissafin gwamnatocin da ta gani. Ta zaunar da ni ta warware mini. A can sarki ba a taɓa shi, ba a tambayarsa. Amma suna da majalisar dokoki, 'yan majalisar kuma bakinsu da kaifi. In kaya suka yi tsada, ko aka ji ƙishin-ƙishin wata kwangila, firaminista ake kamawa. Sai su ce ya zo ya tsaya a gabansu ya amsa tambayoyi. Shi kuwa ɗan gidan sarauta ne, a tsayar da shi a gaban jama'a ana yi masa tambayar ƙure abin kunya ne ga gidan gaba ɗaya. Maimakon ya tsaya sai ya kai murabus. Sarki ya karɓa, ya gode masa, ya ce ya ci gaba da riƙo kafin a kafa sabuwar gwamnati, amma abubuwan gaggawa kawai zai taɓa.

Na ce, "Ɗaukar ma'aikaci yana cikin gaggawa?"

Ta dube ni da tausayi ta girgiza kai. Ta ce sau da yawa shi ɗin dai ake sake naɗawa, in yi haƙuri. Na dawo na tarar cincin ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika kicin.

To kun ji kujerar da ta fi kowace zama daram. Ashe an ajiye mutumin ne musamman don ya riƙa faɗuwa a madadin ɗan'uwansa. In gari ya yi zafi ya sauka, in ya huce ya hau, ko ƙurar alkyabbarsa ba ta tashi. Albashinsa na nan, gidansa na nan, 'ya'yansa na karatu a Turai babu mai tambayarsu katin zama. Su wasa ne suke yi tsakaninsu, sun saba, kowa ya san matakinsa. Ni abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda ke cikin ofishin nan ya san haka. Mashawarcin ya sani. Daraktan ya sani. Mai zuba gahawa ma ya sani. A cikinsu babu wanda ya iya buɗe baki ya ce wa bawan Allahn nan kada ka saki aikinka tukuna, guguwa na tafe. Sun bar shi yana ta washe baki a zaurensu da sabuwar jallabiya.

Na buga masa waya, ya ce kada in ɗaga hankalina, al'adarsu ce, za a mayar da firaministan kan kujerarsa. Na ce al'adar da ka sani ka ɓoye mini, ko wadda yau ka fara ji? Sai ya ce layin ba kyau.

Aka mayar da shi kuwa, bayan makonni. Maigidana ya bugo yana murna, "Ban gaya miki ba?" Sai dai wai ba zai sa hannu a komai ba sai ya haɗa ministoci, manyan mutane kuma kowa gudun kujerar yake don kada majalisa ta yi masa tsirara. Aka yi ta jan ƙafa. Da aka samu aka haɗa, ranar rantsuwa 'yan majalisar suka tashi suka fice. Sarki ya fusata ya rushe majalisar ya ce a sake zaɓe. Dokarsu kuma ta ce in an yi zaɓe dole gwamnati ta sake yin murabus. Aka koma gidan jiya, riƙo, abubuwan gaggawa kawai. Ni da ban taɓa damuwa da siyasar kowa ba, na wayi gari na san sunayen 'yan majalisar wata ƙasa kamar dangina, ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya a kicin.

Lokacin da aka ba mu a Dubai kuwa yana ta zaizayewa. Shugabar makarantar ta kira ni, mace mai kirki, ta ce ita tana son yarinyar, tana cikin waɗanda suke alfahari da su, amma ba ta da ikon riƙe ɗalibin da ba shi da izinin zama, in kawo sabon kati ko da na wucin gadi ne. Na fita nema kamar mahaukaciya. Na je asibitin da ya bari, na zubar da girma na roƙa, suka ce sun riga sun ɗauki wani ɗan Ghana, kuma ko sun so, sabuwar biza ga ɗan Najeriya ba ta fitowa. Wata Hajiya mai shagon atamfa ta tausaya ta nema wa yarinyar biza ta kamfaninta, aka dawo da ita ba a amince ba. Muka nemi ta yawon buɗe ido, ita ma haka. Masu kwalin dabino da masu guɗa kuwa, ko ɗaya ban sake ganin ƙeyarsa ba. Mai kagon nan na haɗu da shi a tashar jirgin ƙasa ta Rigga, ya manna waya a kunne ya wuce, wayar ko haske ba ta yi.

Rannan haƙurina ya ƙare, na ce bari in ji daga bakin masu ofishin. Na samo lambarsu na buga da hantsi. Larabcina na kasuwa ne, na sayen tumatir da rage farashi, amma da shi na shiga. Na farko ya ce in dakata, ya miƙa ni ga na biyu. Na biyu ya ce mashawarcin yana taro. Na ce zan jira. Ya ce taron na kwana da kwanaki ne, bukra inshallah, wai sai gobe. Na ce gobe ta ƙare mini, a ba ni wani. Aka yi ta jefa ni daga wannan zuwa wancan, kowa da murya mai laushi kamar yana lallashin jariri, har na faɗa hannun wani mai Turanci. Na gaya masa sunan maigidana, na gaya masa sashen Afirka ta Yamma. Na ji yana danna na'ura. Ya ce, Madam, wannan sashen ba a kafa shi ba tukuna, shawara ce da ake nazari a kanta. Na ce mutumin da kuka sa ya bar aikinsa fa? Ya ce ba shi da masaniya, amma ofishin yana maraba da duk mai son yi wa ƙasar hidima.

Nan Turanci ya gudu ya bar ni, Larabci ya bi shi. Da Hausa tsantsa na wanke shi. Na ce Allah ya isa tsakanina da ku, da ku da hancin naku, azzalumai marasa kunya, 'yar mutane kuka mayar abin wasa. Na faɗi wasu ma da ba za su rubutu ba. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce shukran, ya ajiye. Na juyo na ga yarinyar tsaye a ƙofar kicin da littafin ilmin sinadarai a hannu. Ta ce, "Umma, kin ci abinci kuwa?"

Ba ta daina karatu ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ana ɗaure kayanmu a kwali za a kai kago, ita tana kan teburin nan tana bitar tambayoyin shekarun baya. Sai da masu ɗaukar kaya suka zo kan teburin kansa sannan ta tashi, ta koma ƙasa ta jingina da bango ta ci gaba. Ta yarda da maganar ubanta har cikin ranta, cewa ko mun tafi za a sa hannu ta dawo.

Muka fita ana saura kaɗan wa'adinmu ya cika, don in ya cika akwai tara, kuma ana iya hana mutum shigowa har abada. Muka sauka Kano gidan surukata a Gwammaja, ni da yara a ɗaki ɗaya. Ba mu yi mako biyu ba aka sanar da sabuwar gwamnati a can. Wannan karon sarki bai mayar da mai hancin ba, wani ɗan'uwan nasa ya ɗauko. Sabo kuwa da mutanensa yake zuwa. Mashawarcin ya tafi Landan hutawa, lambarsa ta daina shiga. Otal ya ce wa maigidana wanda ke biya ya daina. Ya dawo Kano da akwatin fararen jallabiyoyi, ya rame, ba ya iya haɗa ido da kowa.

Na yi ƙoƙarin a bar ta ta rubuta a Najeriya, tunda akwai cibiyoyin da ake yin irin jarrabawar. Aka ce an rufe rajista tuntuni, kuma wani kaso na makin aikin ɗakin gwaje-gwaje ne da ake yi a makarantar da aka yi wa ɗalibi rajista. Sai dai baɗi, ta sake daga farko. Jami'ar kuwa ba ta ajiye wa kowa gurbi. Ranar da aka fara jarrabawar tana tsakar gida tana taya kakarta tsince shinkafa. Na ga tana duba agogon wayarta, ta ƙara awa uku a kai don ta sami lokacin Dubai, ta san yanzu an raba takardu, yanzu an ce a ajiye biro. Ba ta yi kuka ba. Ni na shiga banɗaki na yi nawa.

Dangi suka yi ta zuwa jaje, kowa da tasa. Ƙaddara ce, wani hani ga Allah baiwa ne, shekara kwana ce. Yaya ma ya zo, ya ce ai ba wanda ya san gaibu. Na ce Yaya ni ban san gaibu ba, amma na san biza. Surukata ta harare ni, na bar maganar don darajar furfura. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to a gidanmu ba haka aka yi ba. Maigidana dai ya samu 'yar koyarwa a wata Islamiyya yana lallaɓawa, har yau kuma yana bin labaran waccan ƙasar a waya, wani lokaci ya ce ana raɗe-raɗin za a dawo da mutuminsa. In ya fara sai in ɗauki buta in fita.

Da damina ta yi nisa sakamako ya fito. Tunda an yi mata rajista, ita ma an turo mata nata ta waya kamar kowa. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, ubanta yana kan tabarma yana gyara carbi, ni ina yanka alayyahu. Ƙawayenta na Dubai suna ta turo nasu da hotuna. Ta buɗe nata ta daɗe tana kallo. A gaban kowane darasi, inda ake sa maki, an rubuta cewa ɗalibar ba ta halarta ba. Daga sama har ƙasa.

Ta tashi ta je gaban ubanta ta durƙusa, yadda aka koya mata, ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya karɓa ya duba.

Ta ce, "Abba, sun rubuta wai ban zo ba."

Ya ƙura wa wayar ido.

Ta ce, "Ni ce ban zo ba, Abba?"